Asabar ɗaya a Landan: Emirates ko ƙaramin filin unguwa?

Abban Nana:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga filin ƙwallo a ƙasar waje. Wajen aikinmu za su tura ni kwas Landan a watan Nuwamba, kuma Asabar ɗaya ce tak ba ni da aji. Ni ɗan Arsenal ne tun ina yaro, babban burina in zauna a filinsu na Emirates. Na shiga shafin kulob ɗin na tarar ba a sayar wa kowa tikiti haka kawai sai mai rajistar mamba, mamban ma sai an yi ƙuri'a ta faɗo kansa. Sai ga wasu shafuka na daban suna cewa suna da shi a hannu, amma kuɗin ya ninka na asali nesa ba kusa ba. Wani abokin aikina kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in nemi wata ƙaramar ƙungiyar unguwa in kalla. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Yaya kuka gani?

Ɗan Gunners:
Wa alaikumus salam Yaya. Don Allah kar ka saurari abokin nan naka. Mutum ya keta hazo ya isa Landan, sannan ya ɓige da kallon 'yan wasan da ko sunansu bai taɓa ji ba? Ko nawa ne ka biya. Kuɗi ana samun wani, amma wannan damar ba ka san ranar da za ta sake zagayowa ba.

Alhaji Tsohon Gola:
Ɗana Ɗan Gunners, sannu da ƙoƙari, amma "ko nawa ne ka biya" shawara ce mai jefa mutum rami. Abban Nana, bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin mu zo kan ra'ayi.

A Ingila akwai doka tun 1994 da ta haramta wa mutum sake sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba. Yawancin shafukan nan da kake gani a wajen ƙasar suke da rajista, kuma abin da suke yi shi ne su karɓi tikitin wani mamba su tura maka a waya. In kulob ya gano, soke shi yake yi nan take. Kai kuma ba za ka sani ba sai ka isa ƙofa, ka ɗora wayarka a kan na'ura, ta ƙi buɗewa. Ba wanda zai mayar maka da ko sisi, ga ranar ta tafi. In lallai sai Emirates, hanyoyin halal biyu ne: ka yi rajistar mamba ka shiga ƙuri'a, ka kuma riƙa leƙa sashen da masu tikitin shekara ke mayar da kujerunsu in ba za su je ba, ko ka sayi tikitin manyan baƙi mai haɗe da abinci daga kulob ɗin kansa. Wannan yana da tsada ƙwarai, amma na gaskiya ne.

Na biyu, duba kalanda. A tsakiyar Nuwamba ana tafiya hutun wasannin ƙasa da ƙasa, babu Firimiya a wannan makon, babu Championship, wato rukuni na biyu. In Asabar ɗinka ta faɗa ciki, gardamar ma ta ƙare. In ba ta faɗa ba, ka sani gidajen talabijin kan sa a ɗage wasa daga Asabar zuwa Lahadi ko daren Litinin, kuma manyan ƙungiyoyi aka fi yi wa haka. Ka kuma tabbatar Arsenal ɗin a gida take a makon.

Abban Nana:
Na gode Alhaji. Wallahi batun hutun nan bai zo min a rai ba. Zan duba. Amma ina son jin ra'ayin naku da kuka ce za ku zo kansa.

Alhaji Tsohon Gola:
Ra'ayina shi ne abokinka ya fi ka ganin nesa. Arsenal kana ganinta duk mako a talabijin, da kyamara sama da goma, da maimaici, da sharhi. A filin da ke cin mutum dubu 60, in kujerarka na can sama, ba za ka ga abin da ya kai wanda kake gani a gida ba. Abin da talabijin ba ta iya kawo maka shi ne mutanen gari da ƙungiyarsu. Wannan kuwa a ƙaramin fili ya fi fitowa.

Ingila na da ƙungiyoyi 92 a manyan rukunai huɗu, Landan kaɗai tana da fiye da goma a cikinsu. Kuma ƙasar na da wata ƙa'ida tun shekarun 1960: ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata. An yi ta ne don kada mutane su zauna a gida su bar ƙananan filaye babu kowa. Saboda haka ƙarfe uku na Asabar a can lokaci ne da ake fita, kaka da jika, a nufi filin unguwa.

Ɗauki AFC Wimbledon. Tsohuwar Wimbledon ita ce ta doke Liverpool da ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauki kofin FA a 1988. A 2002 aka ba masu ita izinin kwashe ta zuwa Milton Keynes, gari mai nisan kusan kilomita 90. Magoya baya suka ce ba su yarda a sayar da su ba. Suka kafa sabuwar ƙungiya da kuɗin aljihunsu, suka yi gwajin 'yan wasa a filin shaƙatawa na unguwa, suka fara daga rukuni na tara. A 2011 suka shigo cikin ƙungiyoyi 92 ɗin nan, a 2020 suka koma sabon filinsu a Plough Lane, titin da tsohon filinsu yake. Har yau magoya baya ne ke da rinjayen mallakarta. Ka zauna kusa da dattijon da ya ga duk wannan da idonsa, ka tambaye shi, ka ji yadda muryarsa za ta canja.

Ko Leyton Orient a gabashin birnin, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ka kusa. An gina benayen zama a kusurwoyin filin, mutane na kallo daga barandarsu. A nan Laurie Cunningham ya fara, baƙar fatan da ya koma Real Madrid a 1979, kuma akwai mutum-mutuminsa a lambun da ke gefen filin. A irin waɗannan wurare kana jin ƙarar takalmi in ya daki ƙwallo, kana jin gola yana tsawa wa 'yan bayansa. Ni da na tsare raga a ƙuruciyata, wannan tsawar kaɗai ta ishe ni kuɗin tikiti.

Ɗan Gunners:
Baba, da girmanka, amma wannan ƙwallon da za a yi ta dokawa sama ana bi da gudu? Yaya Abba ƙwallo yake son gani, ba darasin tarihi ba. Kuma soyayyar kulob ba a musanya ta. In na je Leyton zan zauna ne kamar wanda ya shiga bikin da bai san ango ba bai san amarya ba.

Ɗalibi a Jamus:
Ɗan Gunners, maganarka ta ƙarshe tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Wanda ya shekara ashirin yana kwana da ciwon kulob, ganin filinsa da ido wani abu ne. Amma batun cewa ƙananan rukunai ba su da armashi, zo nan ka gani. Lokacin da Hamburg da Schalke suke rukuni na biyu, mutum sama da dubu 50 ke cika filayensu a wasan gida. Ba don ingancin ƙwallon suke zuwa ba.

A nan akwai dokar da ake kira 50+1, wadda ta ce mambobin kulob ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, ba attajiri ɗaya ba, in ban da wasu 'yan ƙungiyoyi da aka keɓe. Har yanzu kuma ana da wuraren tsayuwa masu sauƙin kuɗi. Ɓangaren kudu na filin Dortmund kaɗai yana ɗaukar kusan mutum dubu 25 a tsaye. Union Berlin kuma, da filinsu ya tsufa babu kuɗin gyara, magoya baya sama da dubu 2 ne suka fito aikin gayya tsakanin 2008 da 2009, suka yi kwaɓa da ɗauko da hannunsu. Wanda ya zuba kankaren da yake tsaye a kai, waƙarsa ba irin ta ɗan yawon buɗe ido ba ce.

Abu biyu ga duk wanda zai zo nan. A ƙungiyoyi da yawa tikitin wasa shi ne tikitin bas da jirgin cikin gari na ranar, ka karanta jikinsa kafin ka sayi wani. Sannan a wurin tsayuwa ana shan giya, kuma in aka zura ƙwallo sai a watsa kofuna sama. Wanda ba ya son ta taɓa masa tufa ya sayi kujera a gefen fili ko ɓangaren iyalai.

Malam Na Gefe:
Wannan gaɓar ita nake jira a taɓo. Ni damuwata ba wace ƙungiya ba ce, damuwata salla da muhalli. Mutum ya je ya cusa kansa cikin mashaya, magariba ta wuce shi yana ihu. Me aka samu?

Alhaji Tsohon Gola:
Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma tana da amsa. A Ingila tun 1985 doka ta hana shan giya a inda ake hangen fili a manyan rukunan nan. Ana sayarwa a baranda ta ciki, amma ba mai hawowa da ita kan kujeru. Ba na ce ba za ka gamu da wanda ya sha ba, za ka gamu, musamman a jirgi. Amma ba za a watsa maka ba.

Salla kuwa sai da shiri. A ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa a Landan wajen ƙarfe huɗu. Wasa ya fara ƙarfe uku, ke nan la'asar ta shiga kafin a take, magariba kuma za ta same ka a farkon zagaye na biyu. Ka yi azahar da la'asar kafin ka shiga. Filaye da yawa yanzu suna da ɗakin ibada, ka tambayi masu rigar tsaro su nuna maka. Hukuncin haɗa magariba da isha ga matafiyi kuma ku ne malamai, ku za ku faɗa mana.

Malam Na Gefe:
Matafiyi yana da rangwame, wannan sananne ne, sai dai ya danganta da tsawon zaman da ya yi niyya a garin. Abban Nana ya tambayi malaminsa da adadin kwanakin kwas ɗin kafin ya tafi. In akwai ɗakin salla a filin ma ai an huta, ya fita minti biyar ya yi ta a kan lokaci. Ban san an kai nan ba, gaskiya.

Ɗalibi a Jamus:
An kai, Malam. A 2021 an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa da azumi. A 2022 kuma Blackburn Rovers ta buɗe filinta na Ewood Park aka yi sallar idi a kan ciyawa.

Maman Sultan:
Sannunku. Tun ɗazu nake karantawa, na ga ba wanda ya kawo hanya ta uku. Abban Nana, in Emirates kake son shiga ka ga jar riga a fili, duba jadawalin ƙungiyar mata ta Arsenal. A Emirates suke buga wasanninsu na lig yanzu, tikitinsu ba ya buƙatar wannan dogon layin, kuma ba ƙananan 'yan wasa ba ne: su suka doke Barcelona suka ɗauki kofin zakarun Turai na mata a 2025. A Fabrairun 2024 sun tara mutum sama da dubu 60 a wasansu da Manchester United. Sau da yawa Lahadi suke bugawa, to sai ka ga ko Lahadin ma ba ka da aji. In haka ne ka ci riba biyu, Asabar ƙaramin fili, Lahadi Emirates.

Ni da yara na shiga fili a Jidda, wasan Al-Ittihad a filin Sarki Abdallah. Tun Janairun 2018 aka fara barin mata shiga filayen ƙwallo a Saudiyya. Abin da ya tsaya min a rai ba 'yan wasan da aka sayo daga Turai ba ne. Wata dattijuwa ce a kusa da mu, da jikokinta, ta san sunan kowane ɗan wasa har na benci. Ta ce shekara da shekaru a rediyo da talabijin take bin ƙungiyar, ga ta yau a ciki. Da ta ga mu baƙi ne sai ta shiga koya wa yarana inda ake tafi da inda ake ɗaga hannu. Ba mu da yare ɗaya sosai, amma mun fahimci juna har aka tashi.

Abban Nana:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Lahadin ma a sake nake har yamma.

Ɗan Gunners:
Anti, na yarda wannan dabara ce. Amma ni har yanzu ina kan bakana, ganin Saka da ido daban ne.

Maman Sultan:
Ba wanda ya hana ka, ƙanena. Ka yi rajista da wuri ka shiga ƙuri'a. Abin da ake ce maka shi ne kar ka miƙa kuɗinka ga 'yan bumburutun tikiti.

Baƙon Turai:
Akwai abin da ake ta kewayewa, ni zan faɗe shi. Mu baƙaƙen fata ne. Ƙaramin fili da kuke yabo, a wasu ƙasashen nan ne aka fi jin maganar banza, saboda babu kyamara babu mai tsawatarwa. Na taɓa shiga wani wasa na rukuni na ƙasa a wata ƙasar Turai, ba zan kira sunan kulob ba. Ƙungiyar baƙi na da ɗan Afirka a gaba. Duk lokacin da ya taɓa ƙwallo sai wasu samari a bayan raga su fara kukan biri. Ni kaɗai ne baƙi a layinmu. Ba wanda ya ce min komai, wani ma da ke gefena ya sunkuyar da kai don kunya, amma ban iya ƙarasa wasan ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Saboda haka kar a nuna wa Abban Nana cewa duk ƙaramin fili gidan mutunci ne.

Alhaji Tsohon Gola:
Allah ya huci zuciyarka, ɗan'uwa. Gaskiya ka faɗa, kuma ba zan rage mata komai ba. Sai dai cutar ba ta san girman fili ba. A Valencia aka ci zarafin Vinicius na Real Madrid a Mayun 2023, gaban kyamarorin duniya, a La Liga. Abin da ya canja shi ne a 2024 kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas a kan wannan. Ingila ma ta sha wannan ƙazantar a shekarun 1970 da 1980, irin su Cunningham da na ambata sun ga jifa da ayaba. Yau a filayensu za ka ga lambar da ake tura saƙo a kai ƙara a asirce, ana kuma korar mutum a hana shi shiga fili na shekaru. Ba a gama da ita ba, amma ana yaƙarta. A Landan, inda kowane launi ke zaune a unguwa ɗaya, ba na jin tsoron tura Abban Nana Orient ko Wimbledon ko Charlton.

Darasin da ke cikin labarinka shi ne wurin zama. Bayan raga na 'yan gani-kashe-ni ne a kusan ko'ina. Baƙo ya nemi gefen fili. Kuma ya yi tambaya a kan kulob kafin ya je, don akwai waɗanda sunansu ya riga ya ɓaci a kan wannan hali, 'yan gari sun san su.

Baƙon Turai:
Haka ne Alhaji. Ban ce kar a je ba. Na koma wasu filayen bayan nan, an karɓe ni hannu biyu. So nake a je da ido a buɗe.

Ɗan Kasuwar Santambul:
Bari in ƙara wa masu bin hanyar Turkiyya, don na san muna da yawa. A can ba a zuwa ƙofa a sayi tikiti. Tun 2014 aka kawo tsarin Passolig, sai ka yi rajista da fasfo da hotonka, tikitin ya hau kan sunanka. Ka fara tun kafin ka baro gida, kar ka bari sai ranar wasa. Wasan Galatasaray da Fenerbahçe kuwa ka cire rai, 'yan gari ma kokawa suke. Amma birnin cike yake da ƙungiyoyi. Kasımpaşa tana nan kusa da Taksim, samun wuri ba wuya. Filin Beşiktaş yana bakin ruwa dab da fadar Dolmabahçe, ko a wasa da ƙaramar ƙungiya ƙarar da ke ciki sai ta toshe maka kunne. Fenerbahçe kuma tana Kadıköy a ɓangaren Asiya, jirgin ruwa za ka hau tare da magoya baya, waƙa tun daga kan ruwa.

Babbar shawarata ita ce launin tufa. Ja da rawaya na Galatasaray ne, rawaya da shuɗi mai duhu na Fenerbahçe, baƙi da fari na Beşiktaş. Ranar wasa ka duba abin da ka sa kafin ka fita, ko da ba rigar ƙwallo ba ce. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ba kowa zai tsaya ya tambaye ka ko kai baƙo ne ba.

Ɗalibi a Jamus:
Wannan har Ingila. Abban Nana, kar ka sa rigar Arsenal ka tafi filin wata ƙungiya, ko da ba da Arsenal ake wasan ba. Kuma in kana cikin 'yan gida baƙi suka ci, ko ƙwallon ta burge ka, ka riƙe murnarka. Ana fitar da mutum a kan wannan, don kare shi ma ake yi. A Italiya kuma sunanka ake bugawa a tikiti, a ƙofa a haɗa da fasfo, in bai zo ɗaya ba ba ka shiga.

Alhaji Tsohon Gola:
Saura magana ɗaya da ba na son a rufe ba a yi ta ba, ko da za ta yi nauyi. Taron ƙwallo yana kisa. A filin Hillsborough na Ingila a 1989 mutum 97 suka rasa rayukansu sanadiyyar matsi, wannan ne ya sa aka mayar da manyan filayen Ingila na kujeru zalla. A Accra ranar 9 ga Mayun 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, an harba hayaƙi mai sa hawaye, jama'a suka ruga ƙofofi, mutum 126 suka mutu. A filin Kanjuruhan na Indonesiya a Oktoban 2022 kusan abu ɗaya ya faru, mutum 135. In ka duba, ba faɗan magoya baya ne ya kashe yawancinsu ba, ƙofa ce ta yi kaɗan ko tana rufe.

Don haka duk ƙasar da ka je, ka isa da wuri kafin cunkoso. Kana zama ka duba ta ina ka shigo, ka nemi wata ƙofar ta biyu. In ka ga an fara jifa ko 'yan sanda sun fara jan layi, tashi tun hanya na buɗe, kar ka tsaya ɗaukar bidiyo. In an tashi lafiya kuma ka zauna minti goma jama'a su rage. Ingila yau tana cikin wurare mafi tsari, amma wannan ɗabi'a ce da ya kamata ta bi mutum ko'ina.

Abban Nana:
Jama'a na gode ƙwarai. Na duba, Asabar ɗina ba ta faɗa cikin hutun ba, amma Arsenal a waje za ta buga. Ke nan ko na so babu Emirates ranar. Zan duba wanda ke gida tsakanin Wimbledon da Orient in saya daga shafinsu, sannan in ga ko matan na gida ranar Lahadi. In ba sa nan zan biya kuɗin zagayen filin in shiga in gani. Alhaji, akwai abin da zan riƙe?

Alhaji Tsohon Gola:
Rigar sanyi mai kauri da safar hannu, don zaman awa biyu a waje a Nuwamba ba wasa ba ne. Kar ka ɗauki babbar jaka, filaye da yawa ba sa barin wadda ta wuce girman takardar A4. Ka cika cajin waya tunda tikitin na ciki, ka riƙe katin banki don wurare da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi. Ka sayi ɗan littafin wasan da ake sayarwa a bakin ƙofa, sunayen 'yan wasa da lambobinsu na ciki, kafin hutun rabin lokaci ka san wanda kake yabo.

Ɗan Gunners:
To Yaya, Allah ya kai ka lafiya. Ka ɗauko mana hoton mutum-mutumin tsohon gwarzonmu Thierry Henry a wajen Emirates ko da ba wasa.

Auta:
Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni Maroko za ni a watan gobe, Casablanca, daga nan in wuce Alƙahira. Duk maganar Turai ake ta yi. Yayyena, waɗannan fa? Ina son ganin Raja ko Wydad.

Ɗan Kasuwar Santambul:
Auta, ka zaɓi wuri mai zafi. Wydad an kafa ta a 1937, Raja a 1949, kuma filin Mohammed V suke rabawa in ba gyara ake yi ba, don haka ka tabbatar inda za a buga. Wydad ja, Raja kore, kowacce da nata bayan ragar. Abin da magoya bayansu ke yi da tutoci da zane mai rufe ɓangare guda na fili, ko a Turai kaɗan ne ke kamo su. Shawarata kar ka fara da wasan hamayyarsu. Nemi ranar da ɗayarsu ke karɓar wata ƙungiya, za ka ga waƙar da zanen ba tare da wancan matsin ba. Sayi kujerar gefe mai rumfa, daga nan ne ma ake ganin zanen da kyau. Kuma kar ka ɗaga waya kana ɗaukar fuskokin 'yan bayan raga, ba sa so, suna da dalilansu da hukuma.

Maman Sultan:
Masar kuma sai ka yi haƙuri da tsari. Bayan abin da ya faru a Port Said a Fabrairun 2012, inda mutum sama da 70 suka mutu a wasan Al Masry da Al Ahly, an shekara da shekaru ana buga lig babu 'yan kallo. A 2018 aka fara dawo da su kaɗan-kaɗan, da ƙayyadadden adadi. Tikiti ta shafin Tazkarti ake saya, sai ka yi rajista da fasfo. Wasannin kofin zakarun Afirka na Al Ahly ko Zamalek su aka fi bari a cika fili, in tafiyarka ta dace da ɗaya to shi za ka nema.

Auta:
Na gode Anti. Rajistar tana ɗaukar lokaci ne, ko zan iya yi in na sauka?

Maman Sultan:
Yi ta tun yanzu. Hoton fasfo da naka za su nema, kuma ba ka son ranar wasa ta zo kana jiran a amince da kai. Ka kuma tambayi mai masaukinka wace ƙofa ce ta rukunin tikitinka, don filin Alƙahira babba ne, shingayen bincike kuma tun daga nesa suke farawa.